Injinan wasa 50 da aka kulle a cikin jirgin Duke of Lancaster

Duk wanda ya hau jirgin ƙasa mai bin gaɓar tekun arewacin Wales a Birtaniya, daga Chester zuwa Holyhead, idan ya zauna ta ɓangaren ruwa, zai ga abin da ke sa fasinjoji miƙa wuya kusa da ƙauyen Mostyn. Ƙaton jirgin ruwa ne, tsawonsa ya kusa mita 115, yana zaune a kan ƙasa, ba gaba ba baya. Sunansa Duke of Lancaster. Tun watan Agustan 1979 yake wurin, a wani lungu da ake kira Llanerch-y-Môr, a bakin kogin Dee inda yake zuba cikin teku. Shekara da shekaru mutane suna wucewa ta gefensa, ba sa ganin komai sai tulin ƙarfe mai tsatsa. Kaɗan ne suka san cewa har zuwa 2012 a cikinsa akwai injinan wasa sama da 50, irin waɗanda ake jefa wa tsabar kuɗi, suna tsaye cikin duhu tun ranar da aka rufe ƙofa.

Wanda ya tashi ya tarar da gidan gem mai PlayStation da talabijin a jikin bango, sai an ɗan yi masa bayani. Kafin wasan bidiyo ya shiga gidaje, a tsaye ake yin sa. Akwati ne na katako mai tsayin mutum, nauyinsa yakan haura kilo 100. A samansa akwai gilashi mai fitila da sunan wasan, a tsakiya allon talabijin irin mai doron nan na da, a ƙasan allon sandar juyawa da maɓallai, can ƙasa kuma ƙofar ƙarfe mai ramin jefa kuɗi. Kowane akwati wasa ɗaya ne tal a cikinsa. Zanen da ke gefensa, da ƙarar da yake yi, da yadda aka karkata allonsa, duk an tsara su ne don wannan wasan kaɗai. Daga fitowar wasan Pong a 1972 zuwa farkon shekarun 1980, an ƙera irin waɗannan akwatuna dubu ɗaruruwa a Amurka da Japan da Turai. Mafi yawansu babu su yau.

Jirgin kansa yana da nasa tarihin. Kamfanin Harland & Wolff na Belfast ne ya ƙera shi, kamfanin da ya ƙera Titanic. An sauke shi a ruwa a ƙarshen 1955, ya fara aiki a 1956 a hannun hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, wadda a lokacin take da jiragen ruwa na kanta. Su uku ne 'yan uwa: shi, da Duke of Argyll, da Duke of Rothesay. Aikinsa jigilar fasinja tsakanin Heysham a Ingila da Belfast, har mutum 1,800 a sawu ɗaya, wani lokaci kuma yakan kai masu yawon shaƙatawa tsibiran Scotland da Norway da Sifaniya. Da jama'a suka koma son tsallaka teku da motocinsu, sai a 1970 aka yanka masa ƙofa ta baya, aka gyara cikinsa ya ɗauki mota 105. Hakan bai hana kasuwa mutuwa ba. A 1975 aka daina zirga-zirgar Heysham da Belfast, ya ɗan taɓa aiki a wasu hanyoyin zuwa Ireland, a ƙarshen 1978 aka ajiye shi.

Maimakon a kai shi inda ake yanka jirage a sayar da ƙarfe, wani kamfani na Liverpool ya saye shi da wata dabara. A wancan zamanin dokar shaguna ta 1950 ta taƙaita ciniki ranar Lahadi a Ingila da Wales, kuma ba a sassauta ta ba sai 1994. Masu jirgin suka lura dokar tana magana ne a kan shaguna, ba ta kama jirgin ruwa ba. Sai suka ja shi zuwa Llanerch-y-Môr, suka girke shi, suka cike kewayensa don kada ya motsa, suka sa masa suna Fun Ship, wato jirgin nishaɗi. Kasuwa, wurin cin abinci, wurin sha, da wani babban sashe da aka cika da injinan wasa na yayi. Jama'a suka yi ta zuwa.

Rijiya ta bayar, guga ya hana. Hanyar da ke kai mutum bakin jirgin ta bi ta ƙarƙashin wata gada ta layin dogo, gadar kuwa gajera ce, motar kashe gobara ba ta iya shigewa. Ƙaramar hukuma ta kafe a kan maganar tsaron rayuka, masu jirgin suna ganin matsa musu kawai ake yi, aka yi ta shari'a. Cikin shekarun 1980 aka rufe wurin ga jama'a. Injinan wasan ba wanda ya fitar da su. Aka kashe wuta, aka kulle.

A nan ne lamarin ya bambanta da na sauran injinan zamanin, kuma sai an san yadda injin wasa ya saba mutuwa kafin a gane darajar abin da aka kulle. Mai injin ɗan kasuwa ne, ba mai ajiyar kayan tarihi ba. Wasa yakan ja kuɗi na 'yan watanni, yara su gaji da shi, akwatin kuɗi ya fara dawowa da sauƙi. Akwatin katako da allon talabijin su ne masu tsada, don haka ba a zubar da su. Sai a zare faifan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar wasan, wanda masu gyara ke kira fanel, a sa wani sabo, a shafe zanen gefe da baƙin fenti, a huda sababbin ramukan maɓalli, a liƙa sabon suna. Kamfanoni da kansu sun yi haka. Nintendo ta aika da akwatunan Radar Scope 3,000 Amurka, kusan 1,000 kawai suka shiga, ragowar 2,000 aka mayar da su Donkey Kong a 1981. Wani wasan nata mai suna Sky Skipper, na shekarar 1981, bai karɓu ba a gwaji, aka mayar da fanel-fanel ɗinsa Popeye, har ya zama akwati ɗaya tak aka san ya tsira, a ofishin kamfanin na Amurka. Da masu ƙera injinan na Japan suka fitar da tsarin haɗa wayoyi na bai ɗaya a tsakiyar shekarun 1980, wanda ake kira JAMMA, sauya wasa ya koma aikin 'yan mintoci. Akwati ɗaya sai ya ci wasa biyar, shida, har katakon ya gaji a kai shi bola.

Injinan jirgin Mostyn sun tsallake wannan duka. An kulle su kafin a kai ga taɓa yawancinsu, babu mai fenti, babu mai huda rami. Akwai Space Invaders, akwai Galaxian, akwai wasannin ƙarshen shekarun 1970 na allo fari da baƙi waɗanda ko a lokacinsu ba a yi su da yawa ba, akwai injinan ƙwallon ƙarfe da ake kira pinball. Rigimar da ta kashe kasuwar ita ce ta ajiye kayan. Jikin jirgi ƙarfe ne, ba rana, ba ruwan sama, ba yaro mai dukan maɓalli.

A 2009 wasu matasa masu sha'awar kutsawa cikin tsofaffin gine-ginen da aka yi watsi da su suka shiga jirgin da kyamara. Su jirgin suka je gani. Amma a cikin hotunan da suka fitar, a bayan ginshiƙai da tarkace, ana hango akwatuna a jere, ƙura ta rufe gilasansu. Hotunan suka kai ga wani ɗan Birtaniya mai tara tsofaffin injinan wasa. Abin da wani zai kalla ya wuce, shi yana iya karanta shi daga siffar akwati da launin gefensa, ya ce wannan wasa kaza ne na kamfani kaza. Hankalinsa ya tashi.

Neman mai jirgin ya ci watanni. Wurin a killace yake, akwai masu gadi, masu shi kuma sun sha fama da ɓarayi da masu kutse, ba su da dalilin amsa kiran baƙo. Mutumin ya yi ta bugun waya yana tambayar mutanen yankin, wannan ya tura shi wurin wancan, har a 2011 ya samu bakin zaren. Aka ba shi izinin shiga tare da abokansa. Daga nan ciniki ya kankama, shi ma ya ja lokaci, domin mai kaya yana ganin taska gare shi, masu saye kuma suna lissafin abin da za su kashe kafin ko injin ɗaya ya kama wuta.

Ana cikin wannan duka, ɓarnar da shekara kusan 30 ba ta yi ba, ɓarayi suka yi ta cikin ɗan lokaci. Tagogin jirgin ruwa zagayayyu ne, an ɗaure gilashinsu da tagulla mai kauri, tagulla kuwa tana da kuɗi a wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Suka ɓaɓɓalle tagogin suka tafi da su. Bakin teku ne a Wales, ƙasar da ruwan sama ba ya jiran damina, iskar kuma ɗauke take da gishiri. Ruwa ya shiga ya kwanta a daɓe, injinan suka tsaya a cikinsa. Wannan wurin shi ya fi tsaya mini a rai a labarin gaba ɗaya. Waɗanda suka saci tagogin ko kallon injinan wataƙila ba su yi ba, kuma abin da suka samu a awon tagulla ba zai kama ƙafar abin da suka buɗe wa ruwa ba.

Daga ƙarshe aka daidaita a farashi, amma da sharaɗi mai tsauri: kwana 10 aka ba su su kwashe komai, domin za a fara wani aiki a jirgin. A farkon 2012 maganar ta kammala. Masu tara injina daga sassa daban-daban suka haɗa kuɗi da ƙarfi, suka yi hayar motocin ɗaukar kaya da injin ɗaga kaya mai dogon wuya. Jirgi ba gida ba ne. Lungunansa matsattsu ne, matakalarsa a miƙe take, ƙofofinsa suna da dokin ƙarfe da sai an ɗaga ƙafa, kuma daga saman jirgin zuwa ƙasa nisa ne mai yawa. Kowane akwati sai an tura shi da hannu zuwa fili a saman jirgin, a ɗaure, ƙugiya ta ɗaga shi sama ta sauke a ƙasa. Akwatin da ya sha ruwa kuwa ba a amince masa: kana iya kama shi ta sama, gindin ya zauna a inda yake. Sun fitar da sama da 50. Wasu sun fito da ƙafarsu, wasu sai kayan cikinsu aka iya ceta.

Fitarwa ita ce ta fi ɗaukar ido, amma ita ce mafi gajarta a aikin. Injin wasa abu uku ne a haɗe, katako da allo da fanel, kuma kowanne da irin mutuwarsa.

Katakon ne ke fara tafiya. Yawancin akwatunan zamanin ba da katako na gaske aka yi su ba. Garin katako ne ake kwaɓawa da gam a matse shi ya zama falle. Muddin yana bushe yana da ƙarfi. Da ya taɓa ruwa sai ya sha kamar burodi, ya kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake, sai ya riƙa marmashewa a hannu. Ruwan daga ƙasa yake hawa, shi ya sa za ka ga akwati samansa tas, zanensa na sheƙi, amma taƙi ɗaya daga ƙasa ya zama dusa, fumfuna ta yi masa baƙi. Mai gyara mai haƙuri ba ya sake akwatin. Yakan kwantar da shi, ya auna inda ruɓar ta tsaya, ya yanke daidai nan, ya dasa sabon katako, ya cike gaɓar ya goge har hannu ya daina jin ta. Inda kumburin bai yi nisa ba, akan ɗura masa wani ruwan gam mai taurara katako a matse shi da maƙala. Wahalar ita ce zanen gefe, domin a wasu akwatunan a jikin katakon aka buga shi kai tsaye, yanka ɗaya na ganganci ya tafi da abin da ba a sake bugawa.

Allon kuma shi ne mai haɗari. Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran talabijin na da ya san yadda yake kaffa-kaffa da bayan kwalbar nan ta allon. A allo mai launi wutar da ke ciki takan kai bolt dubu 20, kuma kwalbar tana iya riƙe caji bayan an zare filogi, don haka kafin a sa hannu sai an sauke cajin da sukundireba mai waya da aka ɗaure a jikin ƙarfen allon. Ƙa'ida ta farko a wurin masu wannan aiki ita ce, injin da ya daɗe a ajiye ba a jona shi a wuta don a ga ko yana yi. Mutum yakan ƙagu, amma danshi a cikin taransifoma ko waya ɗaya da ɓera ya ci sun isa su ƙone abin da ya tsira shekara 30. Akan bar shi ya bushe na makonni. Sannan a duba fiyus, a raba sashen wuta da fanel, a gwada shi shi kaɗai da mita a ga ko yana ba da bolt 5 ɗin da ayisi-ayisin, wato 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ke kan fanel, ke buƙata, ba ƙari. Kafasitocin allo suna da ruwa a cikinsu wanda ke bushewa da shekaru ko ana amfani da su ko ba a yi, shi ya sa akan zare su duka da dalma a sa sababbi. Kafasita ana samu a kasuwa. Kwalbar ce ba a samu, domin manyan kamfanoni sun daina ƙera ta, Sony ma ta rufe nata layin a 2008. Kowace kwalba da ta fashe ta tafi ke nan, sai dai a ciro wata daga tsohuwar talabijin.

Fanel, abin mamaki, ya fi su jure ruwa. Idan ba wuta a jikinsa, ana iya wanke shi da tataccen ruwa da burushi mai laushi, a bi shi da sifirit, a shanya shi ya bushe sarai. Maƙiyinsa gishiri ne da tsatsa, masu cin ƙafafun ayisi har su karye a cikin soket, da kuma batir. Injinan pinball na ƙarshen shekarun 1970 suna da ɗan batir a jikin fanel don riƙe lissafi. In ya tsufa sai ya yi yoyo, ruwansa ya bi layukan jan ƙarfe yana cin su, ya bar wani kore-kore. Akan kashe kaifinsa da ruwan tsami na binega, a kankare, sannan a bi layi ɗaya-ɗaya da mita, inda ya yanke a ɗinke da siririyar waya. Aiki ne na dare da yawa a ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma.

A kan fanel ɗin akwai wasu 'yan ayisi da suka fi komai daraja, su ne ke riƙe da wasan kansa. Wasu suna da 'yar taga ta gilashi a bayansu da aka rufe da takarda, domin hasken ultraviolet, wanda ido ba ya gani, yana goge abin da ke ciki. Ko ba haske, cajin da ke riƙe bayanan yana zurarewa a hankali cikin shekaru. Wasan Space Invaders gaba ɗayansa kilobayit 8 ne, bai kai ƙaramin hoto ɗaya da ake turawa a WhatsApp ba, amma in ɗigo ɗaya ya canza a ciki, injin sai ya cika allo da shirme. Saboda haka idan wasan da ba a saba gani ba ya zo hannu, abin da ya kamata a fara yi, tun kafin a taɓa katako, shi ne a zare waɗannan ayisi a kwafe abin da ke cikinsu a kwamfuta. Tun 1997, lokacin da wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME mai kwaikwayon injinan wasa a kwamfuta, masu sa kai suke tattara irin waɗannan kwafi suna rubuta yadda kowane fanel ke aiki, don wasan ya rayu ko injinsa ya mutu.

To tunda ana iya kwafe wasa a buga shi a waya, me ya sa mutane za su yi hayar ƙugiya saboda ruɓaɓɓen katako? Amsar tana jikin Space Invaders. Tomohiro Nishikado ya ƙirƙire shi a kamfanin Taito a 1978, kuma allon da ke cikin akwatin na tsaye fari da baƙi ne, ba ya ma fuskantar mai wasa. A kwance yake can ƙasa, madubi mai nuna rabi ne ke ɗauko hotonsa ya ɗora a kan zanen duniyar wata da aka haska daga baya. Shi ya sa dodannin wasan su 55 suke kamar suna shawagi a sarari, da zurfi a bayansu. Launin da ake gani kuwa leda ce mai launi aka shimfiɗa a kan gilashi. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a kilobayit 8 ɗin. Haka sautin nan mai kama da bugun zuciya, wanda ke ƙara sauri yayin da dodannin ke raguwa, a cikin akwatin katako yake samun nauyinsa, har mutum ya ji shi a tafin hannu. Kwafi yana adana lissafin wasan. Dabarar madubi da leda da fitila, wadda masu ƙira suka rufe gazawar kayan aikinsu da ita, sai a akwatin ake ganin ta.

Akwai saɓani a tsakanin masu wannan aiki kan iyakar gyara. Wasu suna son injin ya koma kamar yau ya fito daga kamfani: sabon zane da aka sake bugawa, sabon fenti, sababbin maɓallai. Wasu suna cewa a bar masa tabonsa. Ina tare da na biyun, musamman a kan injina irin na wannan jirgi. Abin da ke yaɗuwa dole a tsayar da shi, ruɓa da tsatsa da yoyon batir. Amma ƙunar taba sigari a gefen maɓalli, da wurin da tafin hannu ya cinye fenti, da inuwar rubutun da ta ƙone a jikin allo saboda daɗewa a kunne, waɗannan shaida ce cewa yaran da suka hau jirgin nan ranar Lahadi sun tsaya a gaban wannan akwatin. In aka goge su, an samu akwati mai kyau irin wanda kowa zai iya ƙerawa a bana. Abin da ya fi muni shi ne a zare allon asali a sa na zamani mai faɗi, a cusa fanel mai wasa 60 a ciki. Wannan sauyin nan ne dai da injinan jirgin suka tsallake a shekarun 1980, a dawo a yi musu shi da sunan gyara.

Akwai hasara ɗaya da ceton kansa ya jawo, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Abin da ke cikin jirgin ya wuce injina 50 a warwatse. Ɗakin wasa ne sukutum na farkon shekarun 1980 a gaɓar tekun Birtaniya, da zaɓin wasannin da ɗan kasuwa na lokacin ya ga za su ja kuɗi, manya da ƙanana, sanannu da waɗanda aka manta. Da aka sauke su, kowa ya ɗauki rabonsa ya nufi garinsu, wannan a garejinsa, wancan a ɗakinsa. Ba za su sake haɗuwa a ɗaki ɗaya ba. Na so a ce wani gidan tarihi ya saye su a dunƙule. Amma babu wanda ya zo, ruwa kuwa yana ta hawa katako, ga wa'adin kwana 10. Da babu gara ba daɗi. Kuma ko gidan tarihi ba shi da tabbas: wanda ke Banning a jihar California, mai injina sama da 1,000, rufewa ya yi a 2021 aka yi gwanjon kayansa ɗaya bayan ɗaya. Wuraren da suka dawwama, irin su The Strong a birnin Rochester na Amurka, ko Arcade Club a garin Bury na Ingila inda ake biya a shiga a buga, suna rayuwa ne da masu gyara da ke bin injinan kullum, domin injin wasa in ba a kunna shi ana duba shi, lalacewa yake yi a tsaye.

Akwai wani ɗan abu a ƙofar kuɗin injinan da ke nuna tsawon zaman da suka yi. A lokacin da aka kulle su, tsabar peni 10 ta Birtaniya babba ce mai nauyi, ita ce kuɗin wasa ɗaya a yawancin wurare. A 1992 aka fitar da ƙarama, a 1993 babbar ta daina karɓuwa. Na'urar da ke tantance kuɗi a ƙofar injin tana auna faɗi da nauyi, in bai dace ba ta tofo shi ta ramin ƙasa. Wanda ya gyara irin wannan injin yau, ko dai ya saita shi ya yi wasa kyauta, ko ya sake na'urar, ko ya nemi tsofaffin tsabar ya zuba a gwangwani kusa da shi, yana jefawa yana buɗe ƙofa yana kwashewa.

Jirgin yana nan a Llanerch-y-Môr. Daga 2012 masu zanen bango daga ƙasashe daban-daban suka yi ta zana manyan hotuna a jikinsa da izinin masu shi, a 2017 kuma aka shafe shi da baƙin fenti. Hanyar masu tafiya a ƙafa ta gaɓar tekun Wales tana bi ta gefensa, gadar layin dogon kuma tana nan da gajartarta.